Yadda Za Ka Kare Na'urar VFD Daga Zafi a Yanayin Katsina

Daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwan farko, kiran da masu aikin lantarki suka fi samu daga gonakin rani, gidajen ruwan leda da injinan casar shinkafa kusan iri ɗaya ne: "Malam, inbatar nan lafiya lau take aiki da safe, amma da an yi azahar sai ta ɗauke." Inbatar da suke nufi ita ce VFD, na'urar da ke sarrafa gudun moton lantarki. Idan ka je ka duba allonta, za ka tarar da OH, ko OH1, ko OH2. A kan Altivar ta kamfanin Schneider OHF ake gani, Siemens takan nuna F0004 ko F4, Danfoss ta ba da ƙararrawa mai lamba 29, na China da yawa kuma su rubuta Err14. Duk abu ɗaya suke faɗa, cikinsu ya yi zafi. Abin da yaron da ke tsaron injin yake yi shi ne ya jira minti goma, ya danna maɓallin sake tayarwa, aiki ya ci gaba. Gobe ma haka. Na'urar ba ta mutuwa ranar, shi ya sa ba a ɗaukar abin da muhimmanci, amma kowace ɗaukewa tana rage mata kwana, har ranar da za a ji ƙara da ƙauri a lokacin da tumatir ko alkama suka fi bukatar ruwa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne: yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne su ba da cikakken ƙarfinsu idan iskar da ke kewaye da su ba ta wuce digiri 40 ba. A Katsina da Daura, a watan Afrilu da Mayu, iskar waje a inuwa ma tana kaiwa 40 har ta ɗara. Wato rarar da mai amfani da ita a Turai yake da ita, mu bazara ta cinye mana ita tun kafin a kunna. Saboda haka duk digiri ɗaya da ɗaki, ko akwati, ko ƙura za su ƙara, kai tsaye a jikin na'urar yake sauka.

Daga ina zafin yake fitowa?

VFD tana karɓar wuta mai Hz 50, ta mayar da ita wutar DC, ta tara a manyan kafasito, sannan wasu makunnai da ake kira IGBT su riƙa yanka ta sau dubbai a daƙiƙa guda don su haɗa wa moto wutar da ta dace da gudun da ake so. A cikin wannan juyi, kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfin da ke ratsa ta yana zama zafi. Ƙarama mai kilowat 2.2 za ta fitar da wat 60 zuwa 70. Mai kilowat 15 kuwa tana fitar da kimanin wat 450, mai kilowat 30 ta kai wat 900. Wannan na ƙarshe daidai yake da ka kunna dutsen guga na lantarki ka kulle shi a cikin akwatin ƙarfe tun safe har yamma.

Hanyar fitar da wannan zafi guda ɗaya ce. Makunnan suna manne da wani farantin alminiyom mai haƙarƙari a bayan na'urar, fanka tana tura iska daga ƙasa ta bi tsakanin haƙarƙarin ta fita ta sama. Idan iskar da ke shiga ta riga ta yi zafi, ko hanyar ta toshe, ko fankar ta gaji, shi ke nan.

Makunnan suna da ma'aunin da ke tsare su, shi ne yake sa na'urar ta ɗauke. Kafasito ne ba su da mai kuka a madadinsu. Akwai ruwan sinadari a cikinsu da ke bushewa a hankali, kuma ƙa'idar da masu ƙera su suke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsu biyu. Na'urar da ya kamata ta yi shekara goma a digiri 40 za ta yi biyar a 50, biyu da rabi a 60. Wannan lalacewa tana tafiya ko da allon bai taɓa nuna OH ba.

Mataki na farko: auna, kada ka yi ƙiyasi

Ka nemi ƙaramin ma'aunin zafi mai waya, irin wanda masu ƙyanƙyasar kaji da masu gyaran firji suke amfani da shi. Ka rataya bakinsa tazarar yatsa huɗu ƙasa da na'urar, daidai inda fanka take zuƙar iska, ka rufe ƙofar akwatin yadda aka saba rufe ta, ka bar injin ya yi aiki. Ka karanta tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na yamma. Sannan ka auna iskar ɗakin, ka auna ta waje a inuwa.

Waɗannan lambobi uku su za su gaya maka inda matsalar take. Idan waje 41 ne, ɗaki 47, to rufin ɗakin ne abokin gabarka. Idan ɗaki 42 ne amma cikin akwati 55, akwatin ne. Idan duka ukun suna kusa da juna amma na'urar tana ɗaukewa, to a jikinta abin yake: ƙura, fanka, lodi ko saiti. Kusan kowace VFD tana iya nuna zafin farantinta da amfiyar da take bayarwa a kan allo. Ka nemi lambar wurin a littafin da ya zo da ita, ka rubuta su ma. Ka manna takarda a ƙofar akwatin, a riƙa rubuta su duk mako. Ranar da zafin faranti ya hau da digiri 8 ko 10 alhali lodi da yanayi ba su canza ba, ka san lokacin shara ya yi, tun kafin ta ɗauke.

Mataki na biyu: girman da ya dace da garinmu

Wanda bai saya ba tukuna, a nan ne zai ci rabin yaƙin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi kilowat ɗin moto a sayi na'ura mai kilowat iri ɗaya. Amfiya ake dubawa. Ka karanta amfiyar da aka rubuta a jikin moton, ka nemi na'urar da amfiyarta, bayan an rage mata saboda zafi, za ta ci gaba da ɗara wannan.

Ragin ya danganta da kamfani, amma yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne a kan kowane digiri da ya haura 40, kuma da yawa ba a yarda su yi aiki sama da digiri 50 ba sam. Ɗauki misalin na'ura mai kilowat 7.5, wadda galibi amfiya 17 take bayarwa. A digiri 50, abin da za ta iya ɗauka ba tare da cutuwa ba ya koma tsakanin 13.6 da 15.3. Moton sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiya, mai kilowat 7.5 kuwa yakan ja amfiya fiye da moton doron ƙasa mai girmansa, yana iya kaiwa 17 ko sama. Ka ga ba ta isa ba. Wadda ta dace ita ce ta gaba, mai kilowat 11 da amfiya 25.

Akwai kuma rubutun da ake gani a jikin na China, kamar 7.5G/11P. G na nufin aiki mai nauyi, tana jure ƙarin lodi har kashi 150 cikin 100 na minti ɗaya. P na famfo da fanka ne, juriyarta kashi 120. Mai sayarwa zai nuna maka lambar P don ita ce babba. Idan injin niƙa ne, ko na casa, ko kwamfaresa, lambar G ce taka. A zafinmu ma, ko famfo ne, ni lambar G nake ba da shawarar a bi.

Na san inda gardamar take. Mai gona zai ce, "Malam, kuɗin sun yi yawa, wancan ya ce ƙaramar ma za ta ja." Amsar da nake bayarwa ita ce, "Alhaji, za ta ja a watan Disamba. Ni Afrilu nake duba maka." Bambancin kuɗin mataki ɗaya bai kai rabin kuɗin sabuwa ba, balle asarar kwana uku babu ruwa a gona kafin a samo wata daga Kano.

Idan za a ciyar da na'ura mai layi uku da wutar layi ɗaya, wanda wasu ke yi a unguwannin da layi uku bai kai ba, sai a ɗauka rabin ƙarfinta kawai ake da shi, in ma littafinta ya yarda da hakan. Ragin da ake yi saboda tudu kuwa bai shafe mu ba, daga mita 1,000 yake farawa, Katsina kuma ba ta wuce kimanin mita 500 daga doron teku ba.

Mataki na uku: inda za a kafa ta

Rana kai tsaye ita ce ta farko da za a kauce wa. Da tsakar rana, hasken rana yana zuba kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Akwatin da fuskarsa ta kai rabin murabba'in mita zai iya shan ɗaruruwan wat daga rana kawai, fiye da abin da na'urar da ke cikinsa take fitarwa, musamman idan fentinsa mai duhu ne. A yi masa rumfa mai tazara daga jikinsa domin iska ta ratsa tsakani, a yi masa farin fenti.

Bangon yamma shi ne mafi muni, don yana shan rana daidai lokacin da iska ta fi zafi, bulo kuma ya riƙe zafin har bayan magariba. Katsina tana kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Agusta har zuwa ƙarshen Afrilu rana ta kudu take karkata. Bangon arewa shi ya fi samun inuwa a mafi yawan shekara. Idan akwai zaɓi, can za a kafa.

Ɗakin famfo na kwano marar silin, marar taga, wanda ake ginawa saboda ɓarayi, yana dafa na'ura. Tsaro dole ne, ban ce a bar ta a fili ba. Amma a huda ƙasan bango ɗaya da saman bangon da ke kallonsa, a sa bulo mai ƙofofi ko rodi da raga, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. A sa silin, ko da na zana ne a ƙarƙashin kwanon. Kada a haɗa ta ɗaki ɗaya da janareta. Masu famfon sola da ke liƙa ta a ƙarƙashin faranta sun samu inuwa, amma bayan faranti yana fitar da zafi sosai, don haka a sauko da ita ƙasa kaɗan, kada ta manne da su.

A tsaye ake kafa ta, ba a kwance ba, ba a karkace ba. A bar tazara sama da ƙasa, aƙalla santimita 10 zuwa 20 gwargwadon girmanta, littafinta zai faɗi daidai. Idan biyu ne, a jera su gefe da gefe. In aka ɗora ɗaya a saman ɗaya, ta sama za ta riƙa shaƙar abin da ta ƙasa ta fitar. Idan wurin ya tilasta hakan, a sa farantin ƙarfe a karkace tsakaninsu ya kautar da iskar. Kada a kafa ta a jikin katako.

Mataki na huɗu: akwati da iskarsa

A nan na fi ganin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mutum ya ji tsoron ƙura, sai ya sa mai walda ya haɗa masa akwati rufaffe ruf, ya saka na'urar ciki. Bari mu yi lissafi. Ƙarfe mai fenti yana fitar da kimanin wat 5.5 a kowace murabba'in mita a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin ciki da waje. Akwati mai tsawon santimita 80, faɗi 60, zurfi 30, da aka jingina da bango, fatarsa da ke shan iska kusan murabba'in mita 1.3 ce. Wato wat 7 kacal a kowane digiri. Kafin ya fitar da wat 450 na na'ura mai kilowat 15, sai cikinsa ya fi waje zafi da sama da digiri 60. Ba za ta kai nan ba, za ta ɗauke tun da wuri. Rufaffen akwati marar fanka na ƙananan na'urori ne kawai, su ma sai akwatin yana da girma.

Saboda haka ana bukatar fanka a jikin akwatin, kuma girmanta lissafi ne da shi. Ka ninka wat ɗin zafin da 3.3, ka raba da yawan digirin da ka yarda ciki ya fi waje. Abin da ya fito shi ne iskar da ake bukata, a ma'aunin mita kubik a awa ɗaya. Da wat 450, idan ka yarda da bambancin digiri 5, kana bukatar kusan 300. Idan da za ka iya yarda da digiri 10, 150 ta isa, amma wanda iskar ɗakinsa ta riga ta kai 42 ba shi da digiri 10 na kyauta. Lambar da aka rubuta a jikin fanka kuma ta lokacin da babu abin da ya tare ta ce. Soson tace ƙura yana rage ta sosai, don haka a sayi wadda ta ɗara lissafin da rabi ko fiye. 'Yar fankar kwamfuta da ake liƙawa a gefe ba ta kusa da wannan.

Yadda za a ɗora ta ma yana da muhimmanci. Fanka a ƙasa, tana tura iska ciki ta bayan soson tacewa. Mafita a sama, ta ɗaya gefen, kuma mafitar ta fi mashigar faɗi. Dalilin turawa ciki maimakon zuƙowa waje shi ne, idan fanka tana zuƙa daga sama, akwatin zai riƙa jan ƙura ta kowace kafa, ta bakin ƙofa da ramukan wayoyi. In tana turawa, iskar da ta bi ta soso kawai ke shiga. Ka duba kada kwatar wayoyi ko wani abu ya tsaya daidai saman na'urar ya mayar da iska mai zafi ƙasa ta sake zagayowa. Gwajin mai sauƙi ne: ka riƙe siririn zare ko 'yar takarda a wurare daban-daban a cikin akwatin, ka ga inda iskar take bi.

Barin ƙofar akwati a buɗe da kafa fankar tsaye a gabanta dabara ce ta ranar gaggawa. Tana sauke zafi, amma tana cusa ƙura, ga haɗarin yaro ya kai hannu.

Inda ƙurar ta yi yawa ƙwarai, kamar ɗakin niƙa ko wurin casa, hanyoyi uku suka fi. A fitar da na'urar zuwa wani ɗaki dabam a ja waya. Ko a sayi wadda aka ƙera a rufe, mai lambar IP55 ko IP66, wadda farantinta yake waje. Lambar IP20 da aka fi sayarwa ba ta hana ƙura ko kaɗan. Ko kuma a yanka bayan akwatin a fitar da farantin waje, idan samfurin yana da wannan tsari, sai mafi yawan zafin ya fita ba tare da ya shiga akwatin ba. Manyan wurare masu na'urori da yawa gara su ware ƙaramin ɗaki su sa iyakwandishan, a saita shi wajen digiri 28 zuwa 30. Sanyi mai yawa yana sa gumi ya kwanta a kan allunan lantarki da damina. Na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa kuwa kada a kusantar da ita, danshi take hurawa.

Mataki na biyar: shara

Kafin ka taɓa komai, ka kashe wuta daga babban makunni, ka sa alama kada wani ya mayar. Kafasiton na'ura mai layi uku suna riƙe da bolt 550 zuwa 600, kuma ba sa saukewa nan take don allo ya mutu. Ka jira minti 10 ko abin da aka rubuta a murfinta, sannan ka auna tsakanin ƙafafun DC da mita ka tabbatar ta sauka. Idan ta sola ce, ka raba ta da farantan sola ta makunnin DC, domin muddin akwai rana akwai wuta a wayoyin nan. Wannan wuta tana kisa, ba abin gaggawa ba ne.

Na buɗe wata a wani injin casa, daga gaba tsaf take, an ma goge allonta. Da na zare fankar na haska tocila ta ƙasa, hasken bai fita ta sama ba. Garin buntu da ƙurar hunturu sun haɗu da maiƙon da ke yawo a iskar ɗakin sun danƙare tsakanin haƙarƙarin, sai da tsinke ya shiga. A kusurwar sama kuma zanzaro ya yi gini har ɗaki uku. Fankar tana juyawa, ana jin ƙararta, amma iskar ba ta zuwa ko'ina. Wannan gwajin tocila ka riƙa yin sa: in ba ka ga haske ya ratsa kowane layi ba, ba a gama shara ba.

Da busasshen burushin fenti da abin hura iska na hannu ake yi. A hura daga sama zuwa ƙasa, akasin yadda ƙurar ta shiga. A riƙe fukafukan fanka da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta kashe mata boris. Iskar kwamfaresan mai faci tana ɗauke da ruwa da mai, kada a kai ta kan allunan lantarki. Ruwa, fetur da kananzir duk babu su a wannan aiki.

Soson tacewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da hunturu ke kaɗawa, a duba shi duk mako. A wurin niƙa ma kullum. A kakkaɓe, in an wanke a bari ya bushe sarai. Babbar shara kuma a yi ta a ƙarshen Fabrairu, domin ƙurar da hunturu ya tara ita ce bazara take tararwa a ciki. Duk ramin da waya ta shiga a toshe shi, mafitar iska a sa mata raga. Tsaka da ƙadangare suna son ɗumin wurin, kuma guda ɗaya da ya gitta tsakanin ƙafafu biyu ya isa ya ƙona allo.

Fankar cikin na'urar kayan canji ce, ba ta rayuwa daidai da na'urar. A irin yanayinmu, bayan shekara biyu zuwa uku a sa ido a kanta. In ta fara gurnani, ko tana jinkirin tashi, ko ka juya ta da yatsa ka ji tana cijewa, a canza. A duba bolt ɗinta, yawanci 24 ne na DC, wasu 12, a duba amfiyarta kada a sa mai rauni don girmansu ɗaya. A kula da kibiyar da ke gefenta: iska sama za ta bi. Ajiye guda ɗaya a aljihun tebur ya fi tafiya nemanta ranar da ta tsaya.

Mataki na shida: saiti

Akwai lamba ɗaya da ke sauke zafi ba tare da an kashe ko sisi ba, ita ce saurin yankan makunnai, wadda ake aunawa da kHz. Yawanci ana iya saita ta daga 2 zuwa 15 ko 16. Duk lokacin da makunni ya buɗe ya rufe yana fitar da ɗan zafi, don haka in aka ɗaga lambar zafi ya ƙaru. Wasu suna ɗaga ta don moto ya daina wannan siririn kuka. A gona ko a masana'anta kukan ba ya cutar da kowa. A sauke ta zuwa 4, ko 3, ko 2 ga manyan na'urori. Moton zai ɗan ƙara ɗumi, sai a duba shi. Ga rijiyar burtsatse mai doguwar waya amfanin biyu ne, domin doguwar waya tana jan wata ɓoyayyiyar amfiya da ke ƙaruwa da wannan lamba. Idan wayar ta wuce mita 50 zuwa 100, a sa coka, wato naɗaɗɗiyar waya da ke lafar da kaifin wuta, a bakin fitar wuta. Wanda ya sa matatar wuta a mafita ya duba takardarta, wasu suna da iyakar da ba a sauka ƙasa da ita.

Sai bayanan moto: a shigar da bolt, amfiya, Hz da gudunsa daidai yadda suke a jikinsa. Ƙarin ƙarfin tashi idan ya yi yawa yana sa moto jan amfiya a banza, a rage shi. Famfo da fanka a zaɓa musu tsarin da aka tanada dominsu. Injin da ke da nauyin tashi a tsawaita masa lokacin hawa gudu. Sumo ne kawai ba a yi wa haka daga ƙasa, masu ƙera shi suna so ya kai Hz 30 cikin daƙiƙa kaɗan saboda boris ɗinsa da ruwa yake samun santsi.

Rage gudu kaɗan da rana yana taimakawa ƙwarai ga famfo. Ƙarfin da famfo yake ci yana sauka da sauri fiye da gudunsa: daga Hz 50 zuwa 45, a lissafi, kusan kashi 27 cikin 100 ne ke raguwa. Sai dai a rijiya mai zurfi, in aka rage da yawa ruwan ba zai hau ba, famfon zai yi ta juyi a banza yana zafi, don haka a rage a hankali ana kallon bakin bututu. Idan akwai abin ƙona wutar birki, wato resisto, a waje da akwatin ake ɗaure shi. Kuma kada wani ya taɓa saitin kariyar zafi ko ta ɗaukewar layi da sunan hana ta damun mutane.

Wutar da ke shigowa

Wutar KEDCO a ƙarshen dogon layi takan zo layi ɗaya ya fi wani, wani lokaci ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya. Bambanci kaɗan tsakanin layukan yana sa ɓangaren karɓar wuta da kafasito su yi aiki fiye da rabonsu. Ka auna tsakanin layuka uku lokacin da injin ke aiki. In bambancin ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100, a sa coka ta kashi 3 a mashiga, a kuma nemi gyara daga taransifoma. Ƙarancin bolt, daga Nepa ne ko daga janaretan da ya yi ƙanƙanta, yana sa ta ja amfiya da yawa. Kunnawa da kashewa daga babban makunni sau da yawa a awa ɗaya yana ƙona abin da ke cika kafasito a hankali. Da maɓallinta ake tayarwa da tsayarwa. Notunan wayoyi kuma suna saki saboda zafi da sanyi. Duk wata shida, bayan an kashe wuta an auna, a bi su da sukurudireba. Wayar da robarta ta yi baƙi ko ta taurare a bakin noti, a yanke a sake ɗaurawa.

Idan ta ɗauke duk da haka

Kada a danna komai tukuna. A rubuta lambar da ta nuna da lokacin. A saurara ko fanka tana juyawa, a sa hannu a sama a ji ko iska tana fita da ƙarfi. A karanta ma'aunin cikin akwati. Bayan ta huce an tayar, a kalli amfiya: in ta fi ta kullum, matsalar tana wajen lodi, wataƙila yashi ya shiga famfo, ko boris ya ci, ko bel ya yi tsauri, ko an cika wa injin ciki. OL da OH ba ɗaya ba ne, na farko lodi ne, kuma sanyaya akwati ba zai magance shi ba.

Idan ta nuna OH da sassafe, tana tashi, farantin kuma da sanyinsa, to ma'aunin zafinta ne ko wayarsa suka lalace. Idan iska tana da kyau, faranti tsaf, amfiya daidai, amma zafin yana hawa da sauri cikin 'yan mintuna, mai yiwuwa farin man da ke tsakanin makunnai da faranti ya bushe, abin da ake yawan samu a na'urorin da aka saya na hannu da suka daɗe. Waɗannan biyun aikin mai gyara ne a kan teburinsa, kuma idan ya buɗe, ka ce ya duba kawunan kafasito ko sun kumbura ko sun yi yoyo, a canza su gaba ɗaya a lokaci guda.